Ƙwallon Aduwa Bakwai

Shafi na 14

Ku sarara min haka nan, masu turo saƙo tun da sassafe kuna "ina labari, ina labari". Ga shi na kawo. Baiwar Allahn da ta ce in wani abu ya sami Idi za ta zo har gida ta same ni, bismilla, amma ki taho da abincinki.

Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muke. Zamanin Faransa ne, ƙarshen bazara, a Tungar Marke, tafiyar rabin yini daga Dogon Dutsi. Gardawan kumandan, masu jar hula, suna bin ƙauyuka suna kwasar maza aikin dole na hanya. Maza bakwai na tungar sun gudu sun ɓuya a dutsen da ke gabas da gari, wanda kowa ya san gidan Doguwa ne, iskar da ko mai jar hula ba ya son taka mata wuri. A cikinsu akwai Idi, ƙanen Zalihatu. Mijinta Maikano masassaƙi ba a ɗauke shi ba, saboda ƙafarsa ta hagu da gatari ya taɓa sara. Shi kuwa bawan Allah, maimakon ya sassaƙa turame, sai ya zauna ya ƙirƙiro wasa.

Mu je zuwa.

*

Tun da aka yi azahar Maikano ya kasa zama wuri ɗaya. Ya kai allon ƙarƙashin rumfa, ya dawo da shi bakin zaure. Ya zauna, ya tashi. Ya karkato shi ya hura guraben, alhali babu ko ƙwayar ƙasa a ciki.

Allon na ƙirya ne, kamu biyu a tsaye. Gurabe talatin ya fafe a kai, ya haɗa su da layukan da ya ja da ƙarfe mai zafi, su ne hanyoyi. Ƙwallon aduwa bakwai su ne 'yan gari. Ƙwallon goruba biyu da ya naɗe da jan zare su ne gardawa. Ana jefa tsagin kara huɗu, iya waɗanda suka faɗi a rigingine iya takun da mutum zai yi. Akwai tsakuwa goma sha biyu a ɗan ƙoƙo, kowane zagaye a cire ɗaya. In suka ƙare ba a kame 'yan gari ba, to ruwa ya sauka, an koma gona, 'yan gari sun ci.

Sati uku ke nan ba a zancen komai a gindin bishiyar kasuwa sai wasan Maikano. Amma tun jiya wani abu ya tsaya masa a wuya.

Zalihatu ta shigo daga rijiya, ta dire tulu har ruwa ya fantsamo masa a ƙafa.

"Wai gaskiya na abin da nij ji bakin rijiya?"

"Mi kij ji?"

"An ce Inusa ya zamna ya buga wasan ga naka kasuwa."

"Ya buga."

"Inusa gardi."

"Inusa taubashina. Tare munka yi kiwon awaki."

"Da jar hulatai bisa kai?"

"To ga ƙahwa za shi sa ta?"

Ba ta yi dariya ba.

"An ce kwana ukku ana cin shi, jiya kuma yac ci sau ukku jere."

Ai kamar ta sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Nan da nan ya jawo allon gabanta, idonsa har wani ƙyalli yake.

"Abin da ad damuna ke nan! Duba ki gani. Kowa in ya ɗauki jajaye, bin 'yan gari shikai, nan da can, har tsakuwa ta ƙare. Shi ko jiya bai bi kowa ba. Ya aza guda bakin ga, ya aza guda wancan baki, ya naɗe hannu. Ƙa'ida ko ta ce dut jihwa ukku sai an hiddo guda ya tai rijiya. Wanda yah hito, cap. Wanda yah hito, cap." Ya girgiza kai. "Wasan ya mutu, Zalihatu. Kowa ya gane dabarar ga, wasan ya mutu."

"Wasan ya mutu," ta maimaita a hankali.

Ta durƙusa. Ta ɗora yatsa a wani gurbi.

"Wanga mi na?"

"Tungarmu."

"Wagga hanya?"

"Ta Dogon Kiriya."

"Wanga?"

"Rijiyar gindin dutsi."

Yatsan ya matsa zuwa babban gurbin da ke gefen gabas, wanda ya fi sauran zurfi, mai hanyoyi biyu kacal.

"Wanga hwa?"

Maikano ya kau da kai.

"Da kai nike, maigida."

"Gidan Doguwa. Inda ja ba ya shiga."

"Wa yas sa ka aza shi gabas da gari, bayan rijiya, daidai inda shike?"

Nan fa bari in ɗan tare wa Maikano, don na san kun riga kun wasa wuƙaƙenku. Allon farko da ya yi, a kusurwa ya jefa gurbin nan, inda hannu ya kai. Da farko ma babu shi sam, jajaye ke cinyewa kullum, wasa ba daɗi, shi ya sa ya ƙara wurin ɓuya. To amma ranar da ya kai shi gindin bishiya, tsofaffi suka ƙi taɓawa. Wannan ya ce ai dutsen ba nan yake ba. Wancan ya ce hanyar ba ta miƙe haka ba, sai ta karya a tsamiya. Wani ya rantse ba zai buga wasan da aka sa rijiya a arewa ba, shi da ya yi shekara sittin yana jan ruwa a cikinta. Mutanenmu ke nan, a kan inda tsamiya take sai a raba zumunci. Maikano ya koma gida ya sassaƙa sabo, kowa ya sa baki, har sai da babu mai sauran gyara. Ranar har tafa masa aka yi.

Ya faɗa mata hakan, muryarsa tana raguwa.

"Kenan dut garin kunka taru kunka zana ma Annasara hanya," in ji ta.

"Wasa na hwa."

Ta kwashe ƙwallayen aduwar a tafin hannunta.

"Da nawa ka hwara?"

"Biyar."

"Randa ɗan gidan maƙera yag gudu?"

"…Shidda."

"Ta bakkwai hwa?"

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa, har ta tsaya a kan guda. Ta ɗaga ta sama. A gefenta akwai wata 'yar tsaga da aka yi da bakin wuƙa, siririya, a tsaye. Idi yana da wushirya, duk tungar da ita ake tsokanarsa.

Ta kai ta gaban idonsa.

"Ɗan'uwana na wanga."

Maikano ya sunkuyar da kai. Gaskiyar magana, ba mugunta ba ce, kewa ce. Shekara tara duk la'asar shi da Idi suke dara a bakin zauren nan, suna zagin juna. Tun da Idi ya hau dutse, la'asar ta zame masa abin tsoro. Sai ya sassaƙa shi ya sa a aljihu, kullum yana tura shi wurin da babu mai kama shi.

"Ni kullum tsira nike kai shi," ya ce.

"Gaban mutane! Gaban gardi! Kullum ta hanya guda!"

"Saurara ki ji. Inusa ba ya iya ɓoye min komi. Tun muna ƙanana, in za shi yi tarko ga dara, sai ya sosa tabon da ab bayan kunnenai. Bai san shina yi ba. Da da wani abu cikin ranai, da na gani."

"Tabon kunne," ta ce. "Rayuwar maza bakkwai ka rataye ga tabon kunne."

Ta sure allon ta nufi murhu. Ya yunƙura da gurguwar ƙafarsa ya riƙo gefe ɗaya. Ta ja, ya ja. Tsakuwoyi suka watse a ƙasa.

"Salamu alaikum masu gida."

Suka daskare.

Jar hular ce ta fara leƙowa ta ƙofar zaure, sannan mai ita. Inusa dogo ne, ya rame, ƙura har gwiwa. Ya dube su, ya dubi allon da ke tsakaninsu, ya yi 'yar dariya.

"A'a, matarmu, ke ma wasan ya kama ki? Ba ni ruwa in sha, bawan ga nawa ba ya da tarbiyya."

"Wa ab bawan wani?" in ji Maikano, amma muryar ba ta fito yadda aka saba ba.

Zalihatu ta saki allon. Ta ɗebo ruwa a ludayi ta miƙa masa a durƙushe, ta gaishe shi kamar yadda ake gaida dangin miji, sannan ta koma bayan zana. Ba ta yi nisa ba. Ta tsaya jikin karan, kunnenta a manne, amma ba ta ganin komai sai inuwa.

Inusa ya zauna a tabarma ya tattara tsakuwoyin da kansa.

"Mu yi guda."

"Yanzu?"

"Yanzu. Ni aj ja."

Suka fara. Kara ya faɗi, uku. Kara ya faɗi, ɗaya. Maikano ya yi ƙoƙarin kauce wa babban gurbin, ya kai 'yan garinsa ta hanyar Dogon Kiriya, amma hannunsa ya saba. Kafin ya ankara bakwai ɗin duk sun taru a Gidan Doguwa. Inusa ya aza ja a baki ɗaya, ya aza ja a ɗayan.

Can sai ya janye ɗaya, taku biyu, kamar ya yi kuskure. Hannunsa na hagu ya tashi ya sosa bayan kunne.

Maikano ya gani. Ya ƙi fitowa ta nan. Har a ransa ya ɗan ji daɗi, ya ce ashe dai bai manta mutuminsa ba.

Bai amfane shi da komai ba. Jifa uku ya cika, dole a je rijiya. Inusa ya mayar da jan, ya kama ɗaya. Ya kama na biyu. Tsakuwa tana da saura a ƙoƙo lokacin da ya ɗauki aduwa ta bakwai. Ya juya ta a hannunsa, ya ga tsagar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ajiye ta a hankali cikin gurbin.

"Ya wushiryar ke hama da ƙishi?"

A bayan zana, Zalihatu ta toshe bakinta da gefen zane.

"Ban gane ba," in ji Maikano.

"Bari, taubashi. Kwana ukku ina zamne ana ci na. Ba allon nike kallo ba, hannuwa nike kallo. Tsoho, yaro, kowa yaɗ ɗauki aduwa, wuri guda shika kai ta, ta tsamiya, ba ya ko tunani. Wani ma in ya kai su sai ka ji ya yi ajiyar rai. Wa ka ajiyar rai don ƙwallon aduwa?"

Maikano ya ajiye karan da ke hannunsa.

"Ka hwaɗi?"

"Ni ban hwaɗi ba. Amma tahinta ya biyo kasuwa jiya. Ya ba kumandan labari don shi yi dariya, wai wani gurgu ya yi wasan gardawa. Kumandan bai yi dariya ba. Ya ce a kawo mai allon da mai allon."

"Yaushe?"

"Gobe da hantsi ni ka zakkuwa in tai da kai. Mutum na mai son taswira, ɗakinai cike da su. Kwana arba'in shina biɗar mazan ga bakkwai. In ya dubi abin ga, ba wasa za shi gani ba. Jibi da sahe akwai bindiga ga bakin ga, akwai ga wancan. Ba mai shiga gidan Doguwa, ba a ko bukata. Ƙishi ka hiddo su."

"In an ƙone shi hwa?"

"Mutum ɗari sun gan shi. Sai a tambaye ka dalili, cikin kaso, gidan yari. Ka san kanka, ba ka kai la'asar ba ka hwaɗi komi ba."

"In na sake guraben?"

"Tahinta ya riga ya ga wanga."

Maikano ya dubi aikin hannunsa, abin da ya fi alfahari da shi a duk rayuwarsa, ya ji kamar ya yi kuka.

Inusa ya matso. Ya rage murya, har sai da Zalihatu ta ƙara danna kunnenta jikin kara.

"Allonka da kuskure."

Kan Maikano ya ɗago da sauri.

"Ina?"

Ku ji min mutum. Ana zancen bindiga, an ce masa aikinsa da kuskure, shi ne ya farka.

"Baki biyu kay yi ma gidan. Ukku na." Inusa ya ɗora yatsan dama a bayan babban gurbin, inda katakon yake sumul babu layi, ya fara jan shi a hankali zuwa gefen allon. "Shekarar da ƙyanda ta kwantar da kai, ni kaɗai nit tai kiwo. Akuya ta ɓace min, nib bi ta. Bayan babban hwalalen dutsi akwai tsaga, ƙaya ta ruhe ta. Mutum guda ka wucewa, a karkace. Tana sauka cikin ƙorama. In sun bi ƙoramar, kahin rana ta yi tsaka suna ƙasar Ingilishi."

Yatsan ya kai ƙarshen allon ya faɗa kan tabarma.

"Tsohwahhinku ba su san ta ba, shi yas sa ba ta nan. Kak ka sassaƙa ta. Kawo allon gobe yadda shike."

"Don mi kaka hwaɗa min?"

Inusa ya miƙe ya kakkaɓe wandonsa.

"Na kai mutum talatin aikin hanyar ga bara. Na ga nawa sunka komo." Ya gyara hularsa. "Matarmu, na gode da ruwa. Yau icce ya yi ƙaranci gidan ga, na gani."

Ya fita.

Zalihatu ta fito daga bayan zana kafin takunsa ya ɓace. Rana ta riga ta karkata. Matan da ke kai wa mutanen dutse fura da sunan ɗebo icce sun kusa tashi, in suka tafi, babu sauran mai hawa sai gobe, gobe kuwa da an tafi da Maikano idon gardawa na kan gidan. Ta jawo ƙwaryar fura, ta ɗauko igiyar icce, ta ajiye, ta sake ɗauka. Ta kai bakin ƙofa ta dawo.

"In gaskiya yah hwaɗi, sunka zamna, ƙishi ya ba da su."

"Haka na."

"In ƙarya ta, sunka hita, sun bar wuri guda da gardi ka tsoro. Ƙorama ba ta da maɓoya. Mutum guda guda, a karkace, sai dai a yi ta ɗauka."

"Haka na."

"Bar ce min haka na!"

Ta durƙusa a gabansa, ta kama gefen rigarsa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ni ban ga komi ba, zana ta tare ni. Kai ka zamna gaba da gaba da shi. Kai kac ce ba ya iya ɓoye maka. Cikin wasa ya sosa kunnen?"

"Ya sosa. Sau guda. Tarko na kuwa, na gane shi."

"Madalla. To da shina hwaɗin hanya ta ukku hwa? Hannun dama na bisa allo, na ji ƙarar yatsan. Na hagun hwa? Ina shike?"

Maikano ya rufe ido.

Ya nemi hoton a cikin kansa. Ya ga yatsa yana tafiya a kan katako. Ya ga inda layin zai bi, ya ga gurbi biyu da za a fafe a kai, ya ga yadda ja biyu ba za su iya tsare baki uku ba. Fuskar Inusa kam babu ita. Hannun hagu babu shi.

"Maigida. Rana na hwaɗuwa."

"Allon nike kallo."

Ta zuba masa ido.

"Ina lissahin… ina lissahin yadda hanyar za ta gyara wasan."

Zalihatu ta saki rigarsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi zagi ba. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi. Ta sa hannu cikin Gidan Doguwa ta ɗauke aduwar mai tsaga, ta ƙulle ta a bakin zane. Ta ɗora ƙwarya a kai.

Daga waje wata mata ta ƙwala kira, "Zalihatu, mun tahi!"

Maikano ya ja ƙafarsa ya bi ta har ƙofar zaure.

"Mi za ki ce masu? Su hita ko su zamna?"

Ta tsaya ba ta juyo ba.

"Jehwa karanka ka gani."